Filin Masu Mota: In Na'urar Nuna Hanya Ta Ƙi Ɗaukar Caji

A zamanin fatauci, ayarin da zai tafi Gwanja sayen goro ba ya barin gari sai da madugu da jagaba, domin su ne suka san mashigin kowane kogi da zangon da ake samun ruwa. A yau kuwa direbobi da yawa sun miƙa wannan aiki ga wata 'yar na'ura mai kama da ƙaramin allo, wadda akan manna a jikin gilashin gaban mota, tana nuna taswira, tana kuma faɗa wa mutum inda zai sha kwana. Ita ce ake kira GPS. To, amma wannan jagaba na zamani yana da ciwo guda wanda masu shi suka fi kuka da shi, watau ƙin ɗaukar caji. Sai mutum ya yi nisa cikin garin da bai sani ba, ko ya kai mararrabar da babu wanda zai tambaya, fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin, ta bar shi yana dube-dube.

Abin da akasarin mutane kan yi in haka ta faru shi ne su yanke hukunci nan take cewa batir ya mutu. Wani ya kai wa mai gyaran wayoyi a ɓalle ta a sa sabon batir, wani kuma ya wurga ta cikin akwatin dasbod ya sayo sabuwa. Alhali kuwa sau da yawa batirin ba shi da laifin kome. Wutar da ke shiga cikinsa doguwar tafiya take yi, tana ratsa zango bakwai kafin ta isa, kuma a kowanne tana iya maƙalewa. Saboda haka dabarar gyaran ita ce a bi sawun wutar zango zango, a fara da abin da bincikensa ba ya cin ko kwabo, a bar maganar batir sai a ƙarshe.

ASALIN NA'URAR DA ABINCINTA

Sojojin Amurka ne suka ƙago tsarin GPS, kuma sun harba tauraron ɗan'adam na farko domin wannan aiki a cikin shekarar 1978. A 1983 Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu wanda ya saki hanya ya faɗa sararin samaniyarta, mutum 269 suka halaka. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwar cewa za a bar farar hula su ci moriyar tsarin in an kammala shi. An kammala shi a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. A watan Mayu na shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina rage ingancin saƙon da farar hula ke samu, daga nan ne na'urorin mota irin na kamfanin Garmin na Amurka da TomTom na ƙasar Holan suka cika kasuwannin duniya.

Na'urar ba ta aika kome zuwa sama, sauraro kawai take yi. Tana bukatar ta ji saƙon taurari huɗu aƙalla kafin ta lissafa inda take, kuma wannan lissafi ba ya tsayawa muddin tana kunne. Ga shi kuma fuskarta dole ta yi haske sosai don a iya karanta ta da rana. Waɗannan abubuwa biyu ci gare su ƙwarai, batirin da ke cikinta kuwa ɗan ƙarami ne. Da yawa daga cikin na'urorin da aka ƙera a 'yan shekarun nan ba su wuce awa guda in an zare su daga wuta, kuma haka masu ƙera su suka rubuta. An yi batirin ne don mutum ya shirya hanyarsa a gida, ko kuwa na'urar ta riƙe kanta in an kashe mota a gidan mai. Wanda ya zare ta a Kaduna yana sa ran ta kai shi Ikko, bai fahimci aikinta ba.

Ga kuma hanyar da wutar ke bi. Altaneta ce ke haifar da ita in inji yana juyawa, ta zuba wa batirin mota. Daga nan ta ratsa fiyus, ta fito ta ramin kunna taba da ke jikin dasbod, ta shiga kan caja, ta bi waya, ta shiga bakin na'ura, sa'an nan ta tarar da batirin ciki. Ana auna wuta da ma'auni biyu, kamar yadda ake duban ruwan famfo ta fuska biyu. Ƙarfin turinta shi ne folt, yawan abin da ke gudana kuwa shi ne amfiya. Ƙaramar mota tana aiki da folt 12, na'urar tana karɓar folt 5, batirin cikinta kuma folt 3.7 ne, yakan kai 4.2 in ya cika. Aikin kan caja shi ne ya rage 12 ɗin nan zuwa 5.

A FARA DA SAURARON CIWON

Likita ba ya rubuta magani sai ya ji inda ke ciwo. Kukan da ake yi da wannan na'ura iri uku ne, kowanne kuma da inda yake nuni. Na farko shi ne ta ƙi kunnuwa sam, ko an jona ko ba a jona ba. Wannan galibi yana nuna wuta ba ta isowa, ko kuwa batirin ya zuƙe har ƙasa. Na biyu shi ne tana aiki lafiya muddin tana jone, amma da zarar an zare ta sai ta ɗauke nan take; a nan ne ake da hujjar zargin batir. Na uku shi ne tana nuna alamar caji, amma ana tafiya batirin yana daɗa raguwa har ya ƙare. Wannan yawanci laifin caja ne ko waya, ko kuwa zafi. Wanda ya tantance wanne ne nasa daga cikin ukun nan ya rage wa kansa rabin wahala.

RAMIN KUNNA TABA DA FIYUS

A motoci da yawa ramin kunna taba ba ya samun wuta sai an murɗa makulli zuwa inda aka rubuta ACC, ko kuwa an ta da inji. Saboda haka na'urar da aka bari jone a cikin motar da ke kashe, da zaton tana caji har safe, ba ta sami kome ba. Gwajin farko mai sauƙi ne: a ta da mota, a cusa wata caja da aka tabbata tana aiki, ko da ta wayar hannu ce. In ita ma ta ƙi, to laifin na mota ne, na'urar ta kuɓuta.

Sai a kashe mota, a zare makulli, a haska cikin ramin da tocila. Ƙurar hunturu, da tokar taba, da tsatsa, duk suna hana ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Wani lokaci ma akan tarar da ƙwandala ko wani guntun ƙarfe da yara suka jefa, wanda shi ne ke ƙona fiyus. A share da tsinken itace ko busasshen tsumma, kada a sa sukudireba ko ƙusa, domin akwai motocin da raminsu ke da wuta ko an zare makulli.

In ramin yana da tsabta amma babu wuta, sai a duba akwatin fiyus, wanda yakan kasance ƙarƙashin sitiyari ko kuwa a cikin bonet. A jikin murfinsa akwai zanen da ke nuna aikin kowanne, na wannan rami kuwa akan rubuta masa CIG ko ACC, kuma galibi amfiya 10 ne, ko 15, ko 20. In siririn ƙarfen da ke cikinsa ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Akwai mugunyar al'adar nan ta naɗa zaren waya ko takardar azurfar kwalin taba a maimakon fiyus. An yi fiyus ne don ya ƙone kafin wayoyin mota su ƙone, wanda ya toshe wannan ƙofa kuwa ya gayyato gobara. In an sa sabo ya sake ƙonewa nan da nan, akwai inda wayoyi ke haɗuwa, aikin ya zama na mai gyaran wutar mota.

KAN CAJA DA WAYARTA

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cajojin da ke zuwa tare da irin waɗannan na'urori sukan zo da nasu ɗan fiyus na gilashi a cikin hancinsu. In aka murɗe ƙarshen kan cajar, za a ga ɗan ƙarfe mai tsini, da fiyus, da sifirin a bayansa. A lura da yadda aka jera su kafin a fitar, kada sifirin ya yi tsalle ya ɓace. Kuɗin wannan fiyus bai taka kara ya karya ba, amma ya sa an zubar da na'urori masu tsada. Yawancin cajojin suna da 'yar fitila a jikinsu. In rami yana da wuta amma fitilar ba ta kama ba, a fara zargin wannan fiyus. Har wa yau, 'yan ƙarafan gefen caja da ke riƙe ta cikin rami sukan saki saboda gargadar hanya, sai wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa.

Sa'an nan a karanta ƙananan rubutun da ke jikin cajar. Irin waɗannan na'urori sukan bukaci amfiya 1 zuwa 2, gwargwadon girman fuskarsu. Cajar da ke ba da ƙasa da haka za ta sa alamar caji ta fito, amma abin da na'urar ke ci ya fi abin da ke shigowa, kamar a zuba ruwa da cokali a cikin tulu mai yoyo. Haka nan tsohon ramin USB na kwamfuta rabin amfiya kawai yake bayarwa, ramukan USB na rediyon motoci da dama kuma ba su fi shi ba, don an yi su ne domin sauraron waƙoƙi. Direbobin tirela da manyan motoci kuma su tuna tasu wutar folt 24 ce. Cajar da ba a rubuta mata 12 zuwa 24 ba tana iya ƙonewa, ta ja na'urar su tafi tare.

Ita ma waya tana da nata. Wayoyin araha zaren tagullar cikinsu siriri ne, wuta tana raguwa kafin ta kai ƙarshe, ga shi kuma araha ba ta ado. Mai kyau ma takan karye daga ciki a daidai wuyanta, fatar waje tana nan lafiya lau. In an motsa waya alamar caji ta ɓace ta dawo, an kama ɓarawo. Akwai kuma wani hali na tsofaffin na'urorin Garmin da yawa: in aka jona su da wayar USB ta gama-gari, sai su zaci kwamfuta ce, su nuna hoton kwamfuta a fuskarsu, su ƙi nuna taswira. Ba lalacewa ba ce, tasu wayar ta asali suke nema, domin akwai wani ɗan sinadarin lantarki a bakinta da ke shaida musu cewa caja ce. Wannan rikici na bakunan caji iri iri yana cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta wajabta baki guda, watau USB-C, ga sababbin wayoyi da na'urorin nuna hanya da ake sayarwa a ƙasashenta tun daga ƙarshen shekarar 2024.

BAKIN NA'URA DA ƘWAƘWALWARTA

Zango na ƙarshe kafin batir shi ne bakin da ake cusa waya. Ƙura da zaren aljihu sukan cushe a ciki har waya ta kasa shiga sosai. A kashe na'urar, a sa tsinken sakace a hankali a fitar da su. Wasu na'urorin kuma ta jikin mariƙinsu suke shan wuta, don haka a goge 'yan ƙarafan da ke haɗa su da busasshen ƙyalle. In bakin yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita, dalmar da ta riƙe shi ce ta saki, kuma mai gyaran wayoyi zai iya liƙe shi.

Wani lokaci kuwa ƙwaƙwalwar na'urar ce ta sandare, sai ta yi kamar ta mutu. Maganin wannan shi ne a danne maɓallin kunnawa na tsawon daƙiƙa 10 zuwa 20 ba a saki ba, har ta sake tashi. Na'urorin TomTom sukan yi ƙarar ganga in sun farfaɗo. Bayan haka a kai ta gida a jona ta da cajar bango mai kyau har awa biyu zuwa huɗu tana kashe. Batirin da ya zuƙe ƙwarai ba ya karɓar wuta gaba ɗaya. Da kaɗan kaɗan ake fara ba shi, kamar mai azumi da ke buɗa baki, saboda haka fuskar tana iya daɗewa ba ta nuna kome ba. Wanda ya jira minti biyar ya fid da rai ya yi gaggawa. In ta yi caji a gida amma ta ƙi a mota, to shari'a ta ƙare, laifin yana tsakanin dasbod da waya.

ZAFI, BABBAN ABOKIN GABA

Batirin waɗannan na'urori na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Yana da sauƙin nauyi, yana kuma riƙe wuta da yawa, amma ba ya shiri da zafi. Ƙa'idarsa ita ce a yi masa caji tsakanin digiri 0 da digiri 45 a ma'aunin Salshiyas. In ya wuce haka, na'urar da kanta take tsai da caji don ta tsare shi.

To, a watan Afrilu zafin iska kaɗai yakan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, dasbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya kusantar digiri 70. Ga na'ura baƙa, an manna ta a gilashi, rana tana dukanta, ita ma tana fid da nata zafin. Alamar wannan ciwo a bayyane take: da asuba da dare tana caji lafiya, da azahar ta ƙi. Maganinsa shi ne a sauko da ita daga inda rana ke bugu, a sa ta kusa da inda iskar sanyi ke fitowa, a rage hasken fuskarta, a kuma cire ta duk sa'ad da aka ajiye mota, wanda ya haɗa da tsare ta daga masu fasa gilashi. In ta yi zafi a bar ta ta huce a inuwa. Kada a sa ta cikin firji, domin raɓa za ta taru a cikinta ta ɓata ta. Daɗin daɗawa, kowace rana da ta yini a dasbod tana rage wa batirin kwana, ko da ba a ga alamar a ranar ba.

IN LAIFIN NA BATIR NE

In an bi duk waɗannan zangogi ba a sami kome ba, an kuma yi mata caji na awa huɗu amma ta ɗauke cikin 'yan mintoci da zare ta, to yanzu ne batir ya amsa laifinsa. Batirin litiyam irin wannan yakan fara gajiya bayan an cika shi an ƙarar sau 300 zuwa 500, ko kuwa bayan 'yan shekaru ko ba a yi aiki da shi ba. Na'urorin da ke zuwa cikin motocin da aka yi amfani da su a Turai galibi sun riga sun ci wani sashe na ƙarfinsu kafin su sauka a tashar jiragen ruwa. Ana iya canza batirin, amma a tabbata sabon yana da folt iri ɗaya, da girma iri ɗaya, da bakin waya iri ɗaya, domin a batura da yawa akwai waya ta uku mai auna zafi. Ana kuma iya ci gaba da aiki da ita tana jone, sai dai takan daɗe kafin ta gano taurari duk lokacin da wuta ta yanke mata gaba ɗaya.

Akwai hali guda da ba a yi masa haƙuri. In bayan na'urar ya kumbura, ko fuskarta ta fara ɗagowa, ko ana jin wani wari mai kama da na sinadari, a zare ta nan take kada a sake jona ta. Batirin ne ya tara iska a cikinsa, kuma yana iya kama wuta. Ba a manta da yadda kamfanin Samsung ya janye wayoyinsa na Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 ba saboda baturansu suna kamawa da wuta. Kada a huda kumburarren batir, kada a danne shi don murfi ya rufu, kada kuma a jefa shi cikin bolar da za a ƙona.

Wani lokaci kuma 'yar na'urar nan tana tona asirin motar ce. Mai gyaran wuta zai iya ɗora mita a kan batirin mota: cikakken batir yakan nuna wajen folt 12.6 in inji yana kashe, in yana juyawa kuwa ya kamata a ga 13.5 zuwa 14.5. In bai kai haka ba, a duba fambel da altaneta da kawunan batir, tun kafin motar ta tsaya a daji. Yana da kyau a ta da inji tukuna kafin a jona caja, a kuma zare ta in mota za ta yi kwanaki a ajiye, don kada ta tsotse batirin motar sannu a hankali.

Duk abin da aka faɗa ya shafi mai bin taswirar Google a wayar hannu, domin batirinsu iri ɗaya ne, kuma zafi yana hana waya caji kamar yadda yake hana na'ura. Mai shirin doguwar tafiya ya cika ta a gida tun da dare, ya ajiye waya ta biyu da fiyus a cikin mota, ya kuma rubuta sunayen garuruwan da zai ratsa a 'yar takarda. In kuwa duk da haka ta ɗauke a tsakiyar hanya, kada ya shiga taɓe-taɓenta yana tuƙi. Ya sami tasha ko gidan mai ya tsaya, ya yi sallama ya tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.